Tambaya da Amsa: Yaya Matan Cocin Momon Suke Kallon Matsayinsu?

Tambaya: Na ji an ce cocin Momon ba ya naɗa mata a matsayin firist, kuma mazansu suna auren mata da yawa. Shin matan sun gamsu da wannan tsari, ko kuwa haƙuri kawai suke yi? Daga wata mai karatu a Jos.

Amsa: Malama, batun auren mata da yawa ya daɗe da wucewa, domin shugaban cocin, Wilford Woodruff, ya sanar da dakatar da shi a 1890, kuma a yau duk wanda ya yi shi korarsa ake yi. Maganar firistanci kuwa gaskiya ce. Tun da Joseph Smith ya kafa cocin a Amurka a 1830, maza kaɗai ake naɗawa.

Sai dai matan ba bakinsu ɗaya ba. Da yawansu suna ganin Allah ne ya raba ayyuka, kuma suna alfahari da ƙungiyarsu ta agaji, Relief Society, wadda aka kafa a garin Nauvoo na Amurka a 1842 ƙarƙashin jagorancin Emma Smith, matar Joseph Smith. Ta hanyarta mata suke koyarwa, suke kai abinci gidan mai jego, suke tsayawa a kan marasa lafiya da gidajen makoki. Ban ga dalilin da zai sa a raina shaidar mace irin wannan ba, ko a ce tsoro ne ya rufe mata baki.

Wasu kuma, duk da riƙon addininsu, akwai abin da ke ci musu rai. Ranar da za a sanya wa jariri albarka a coci, maza ne suke yin da'ira su riƙe shi, uwar da ta sha wahalar naƙuda tana zaune a kan benci tana sauraro. Shugabar ƙungiyar mata ta kowace majami'a ma bishof ne, namiji, yake zaɓarta. Irin waɗannan mata sukan tuna cewa kakanninsu mata na ƙarni na 19 suna ɗora hannu a kan marasa lafiya su yi musu addu'ar waraka, al'adar da aka daina daga baya.

Inda cocin yake ja layi shi ne fito-na-fito a bainar jama'a. An kori Sonia Johnson a 1979 kan fafutukar daidaita haƙƙin mata a tsarin mulkin Amurka, haka kuma lauya Kate Kelly a 2014, shekara guda bayan ta kafa ƙungiyar neman a naɗa mata.

Duk da haka, sauyi yana zuwa sannu a hankali. A 2013 Jean Stevens ta zama mace ta farko da ta yi addu'a a babban zaman taron cocin a birnin Salt Lake City, inda hedkwatar cocin take, sannan tun 2019 aka amince mata su tsaya a matsayin shaidu wajen baftisma.