Hukuncin barin maganin ciwon ƙwaƙwalwa don komawa horar da ita da na'ura

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni magidanci ne, shekarata 34, ina zaune a Ingila da iyalina, sana'ata tuƙin motar haya. Shekara biyar ke nan da likitoci suka ce ina da ciwon baifola, ciwon ƙwaƙwalwa mai kai mutum tsakanin tsananin zumuɗi da tsananin baƙin ciki. Sau ɗaya aka taɓa kwantar da ni a asibiti, a lokacin ne ma na furta wa matata saki ban san na yi ba. Tun daga nan nake shan litiyam, kuma ya gundure ni: hannu na rawa, ƙishirwa ba ta yankewa, ga ɗibar jini a kai a kai. Na karanta cewa maganar rikicewar sinadaran ƙwaƙwalwa ba ta tabbata ba. Na samu wata cibiya da ke yin niyurofidbak, wato horar da ƙwaƙwalwa da na'ura, suna cewa mutum zai iya rabuwa da ƙwayoyi. Wani abokina ɗalibin ilimi ya ce barin magani ya fi kusa da tawakkali. Sati uku ke nan na rage maganin da kaina, kuma alhamdu lillahi ina jin ƙarfi, barcin awa uku ya ishe ni, sauran daren a kan sallaya nake. Ya halatta in bar maganin gaba ɗaya in koma na'urar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ɗana.

Da tambayarka a kan na'urar kaɗai ta tsaya, da layi biyu sun ishe mu. 'Yan wayoyi ne ake manna wa a fatar kai, suna karanta motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, irin awon da Bajamushen likita Hans Berger ya fara yi wa ɗan Adam a 1924. Mutum yana kallon allo: in motsin ya bi hanyar da ake so hoto ya yi haske, in ya kauce ya dushe, a haka ake fatan ƙwaƙwalwa ta saba. Babu tsafi a ciki, babu abin maye. Halal ne. Litiyam ma halal ne, nau'in gishiri ne, ba ya bugarwa.

Abin da ya tsaya mini a rai jimlarka ce ta kusa da ƙarshe, wadda ka rubuta a matsayin albishir. Mai baifola ya rage magani, bayan sati uku barci ya ƙaurace masa kuma ba ya jin gajiya. Ɗana, likitoci suna lissafa wannan cikin alamomin farko na tashin ciwon. Ka tambayi maiɗakinka yadda ka kasance kwanaki kaɗan kafin a kwantar da kai wancan karon. Ina kyautata zaton za ta ce maka haka aka fara. Sharrin wannan ciwo shi ne, lokacin da yake tasowa mai shi ya fi kowa yarda cewa ya warke, don ma'aunin da zai auna kansa da shi ne ya karkace.

Saboda haka hukuncinka ba ɗaya ba ne da na kowa. A wannan hali bai halatta gare ka ka ci gaba da rage maganin da ra'ayinka ba, balle ka bar shi, kuma wajibi ne ka sanar da likitanka yau, ba mako mai zuwa ba. Ka gaya masa ranar da ka fara ragewa, da nawa kake sha yanzu, da awannin barcinka. Kada kuma ka koma wa tsohon adadi da kanka, shi zai tsara. In ba ka same shi ba, ga layin wayar neman taimakon lafiya na 111 nan na ƙasar da kake. Ka ajiye makullin mota har sai an duba ka, domin rayukan fasinja amana ce.

Sai maganar abokinka. Ba ƙirƙirar ta ya yi ba, an ruwaito daga Imamu Ahmad cewa barin magani ya fi, kuma masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da hadisin matar nan mai farfaɗiya da Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u, wadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba ta zaɓi tsakanin haƙuri da Aljanna ko ya roƙa mata waraka, ta zaɓi haƙuri. Hadisin ingantacce ne, amma ba rigarka ba ce. Baiwar Allah nan ba wani magani sananne ta ajiye ba. Farfaɗiyarta a kanta take ƙarewa, ta faɗi, ta farfaɗo, hankalinta ya dawo. Kai kuwa naka ciwon ya riga ya taɓa igiyar aurenka sau ɗaya. Mutum yana da damar yafe haƙƙin kansa ya nemi lada, amma wa ya ba shi damar yafe na mata da 'ya'ya da wanda ya tare shi a titi ya shiga motarsa? Ka kuma duba ƙarshen hadisin, wanda masu kawo shi suke yawan tsallakewa: ta ce tana yayewa in ta faɗi, ta roƙi a yi mata addu'a kada ta riƙa yayewa, aka yi mata. Ko ita da ta zaɓi haƙuri ba ta yarda da ɓangaren da ke taɓa mutuncinta ba. Mai tashin baifola kuwa yayewar da yake yi ta fi ta tufafi: asirin gida, da dukiya, da kalmomin da ba sa komawa baki.

Hadisin mutum dubu saba'in da za su shiga Aljanna ba tare da hisabi ba ma bai ambaci shan magani ba, neman ruƙiyya da camfi da lalas ya ambata, kuma shugaban masu tawakkali da kansa an yi masa ƙaho. Shi ya sa Ibn Taimiyya, wanda ɗan mazhabar Ahmad ne, ya ce neman magani ba hukunci ɗaya gare shi ba, wani lokaci har yana zama wajibi. A kan haka Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta tsaya a zamanta na Jidda a 1992: wajibi ne idan barinsa zai kai ga halaka, ko rasa gaɓa, ko nakasa. Hankali yana cikin abubuwa biyar da shari'a ta zo ta tsare, kuma sanannen abu ne a wurin likitoci cewa yanke litiyam farat ɗaya yana gaggauta dawowar ciwon, yana ƙara haɗarin mutum ya kashe kansa.

Wani abu kuma da ku biyun ba ku lura da shi ba: ai kai ba barin magani za ka yi ba. Za ka bar wani sababi ne ka kama wani, har ka biya kuɗi. To ina tawakkali ya shigo? Ashe tambayar ita ce wanne ne ya fi ƙarfi cikin sabuban biyu, kuma wannan masana fannin ake tambaya.

Litiyam tun 1949 likita John Cade na Ostareliya ya wallafa sakamakon gwada shi a kan masu wannan ciwo, kuma har yau yana sahun gaba. Niyurofidbak ya fi samun bincike a kan yara masu rashin natsuwa da kasa tattara hankali, kuma ko a can, da aka gwada na gaske da na jabu ba tare da yaran ko iyayensu sun san wanne ake yi musu ba, ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura irin wannan don masu firgicin bayan bala'i, amma a matsayin ƙari a kan jinyar da ake yi. Ƙari daban, madadi daban. Duk cibiyar da ta yi wa mai baifola alkawarin rabuwa da ƙwayoyi ta sayar masa da abin da ba ta mallaka ba, kada ka biya kuɗin zama talatin ko arba'in a dunƙule a kan irin wannan alkawari.

Abin da ka karanta game da sinadarai yana da tushe. A 2022 Farfesa Joanna Moncrieff da abokan aikinta a Landan sun bi binciken da aka tara, suka ce babu hujja mai ƙarfi cewa ƙarancin sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin ne ke haddasa ciwon baƙin ciki. Amma maganarsu a kan wani ciwo ce da wani bayani, ba a kan baifola da litiyam ba. Rashin sanin yadda magani ke aiki kuma ba ya kore aikinsa. Shekaru nawa kakanninmu suka yi suna shan sabara da tazargade, wa ya taɓa yi musu bayanin sinadari?

Ban raina wahalarka ba. Na taɓa zama da wani bawan Allah mai shan wannan magani, sai da hannu biyu yake riƙe kofin shayi don kada ya zube, yana jin kunyar mutane. Ka kai wa likita kukanka yadda ka kawo mini. Awon jinin nan don a daidaita adadi ne a kuma tsare ƙodarka, akwai kuma wasu magungunan da ake canzawa zuwa gare su. In ka daidaita ya ce babu laifi ka haɗa da na'urar, ka haɗa, ka dai zaɓi abin da za a sa maka a allo ya zama mai tsafta. Ruƙiyya da azkar ka riƙe su tare da maganin.

Sakin da ka furta hankalinka ba ya jikinka bai auku ba, babu saɓani a kan wanda ciwo ya gusar wa hankali. Amma a 'yan makonnin nan kada ka yanke wani babban hukunci, na aure ne ko na ciniki ko barin aiki, kuma ka damƙa wa maiɗakinka katin banki. Ka nuna mata wannan amsa, ka ba ta izinin kiran likita ko da ranka bai so ba. Tsayuwar daren nan ka taƙaita ta zuwa shafa'i da wutiri bayan lisha, ka kwanta, domin rashin barci shi kansa yana rura ciwon. Kafin watan azumi kuma ka tambayi likita, saboda ƙarancin ruwa a jiki yana sa litiyam ya taru a jini har ya zama guba. In ya ce azumi zai cutar da kai, ka rubuto mu duba batun ramuwa ko ciyarwa.

Wallahu a'alam.