Inda za ku kalli wasan daɓe a Zariya

Hajiya, kin tambayi inda za ki kai ƙannenki kallon wasan kwaikwayo na daɓe ba tare da kun yi asarar kuɗin mota ba. Ku nufi Drama Village a Jami'ar Ahmadu Bello, Samaru. Tun shekarun 1970 aka gina shi da ƙasa, fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da tsakar gida, sama a buɗe. Ɗalibai ne ke wasan, kuma ba sa wasa da atisaye. Ban taɓa zuwa na yi da-na-sani ba. Na ƙarshen da na kalla kan rikicin gado ne. Da uwar marayun ta buɗe baki, wurin ya yi tsit, har na share hawaye. In da hunturu za ku, ku riƙe rigar sanyi.