Koren harshe bayan sharar boila

Ka tambaye ni dalilin da ya sa harshenka ya yi kore bayan kun share tukunyar tururi, wato boila, ta wata masana'anta a Sharaɗa ta Kano, da kuma ko gwangwanin madara zai wanke abin da ka shaƙa. Madara ba ta wanke komai, domin ita ciki take tafiya, ƙurar kuwa huhu ta nufa. Na yi mamakin da ka bari sai da ka duba madubi kafin ka tambaya, amma haka yaran yanzu kuke, waya tana hannunku dare da rana, ba ku taɓa binciken abin da zai iya kashe ku a cikinta ba.

Abin da ya rina maka harshe sinadarin banadiyam ne. Yana cikin baƙin mai, wato man nan mai kauri da tukunyar ke ƙonawa, tun daga rijiya, kuma idan man ya ƙone sai ya zauna a tokar da ke manne wa bututu, wani lokaci ka ga tokar da ratsin rawaya ko ruwan tsatsa. Ɗanyen man ƙasar nan ba shi da shi da yawa, amma mai nauyi irin na Benezuwela yana ɗauke da shi sosai, kuma kai da ke shiga tukunya ba ka san daga ina man ya fito ba. Koren harshen zai gushe cikin 'yan kwanaki. Shaida ce kawai cewa ƙurar ta shige ka, kuma abin tsoron shi ne tari, shesshekar ƙirji, jan ido da haɓo, waɗanda sau da yawa ba sa bayyana sai bayan sa'o'i.

Wannan jinkiri ne ya cuce ni a lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke aiki dare da rana. Wani manaja ya ba ni kwangilar share tukunya biyu kafin hutun Sallah, ya rantse mini cewa dizal suke ƙonawa, tokar baƙin hayaƙi ce kawai, alhali shekara da shekaru baƙin mai suke zubawa, ya ɓoye ne don kada in ƙara kuɗin kayan kariya a farashi. Na shiga da yara shida, da tsintsiya da burushin ƙarfe, kowa ya ɗaure hanci da ƙyalle, shi kuma ya ba mu injin hura iska wai don mu yi sauri. Muka hura, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin fitilar da ke hannunka. Mun fito muna dariya, ba wanda ya ji komai. Da tsakar dare aka buga mini ƙofa, babban yarona, wanda na koya wa aiki shekara tara, yana numfashi kamar ana shaƙe shi. Kwana goma sha ɗaya ya yi a asibiti, ni na biya, sauran biyar suka yi sati biyu suna tari. Da na je karɓar cikon kuɗina, manajan ya zaftare kashi ɗaya bisa uku, wai mun saɓa wa'adi. Yaron nan bai ƙara shiga tukunya ba, ƙirjinsa ba ya jure ko ƙurar hunturu, kuma har yau ban samu hannu irin nasa ba. Na bar manajan da Allah, amma ban yafe ba.

Tun daga ranar ba na yarda da bakin mai ba da kwangila, sai na buɗe tankin man na gani da idona. Ba zan tsaya koya maka barin tukunya ta huce da kulle bawul ba, wanda bai san wannan ba ya koma tallan rake. Abin da nake so ka riƙe shi ne ba a share tokar nan a bushe, kuma ba a hura ta. A jiƙa ta da yayyafin ruwa, ko a zuƙe ta da injin da ke da matata mai kyau. Da zarar ta jiƙe tana cin fata saboda sulfar da ke cikinta, don haka safar roba da dogon takalmi wajibi ne. Ƙyalle da takunkumin asibiti ba sa tare ta, sai takunkumin roba mai matatar P3, wato matata mai tare ƙura mafi laushi, wanda ya zauna daram a fuska, zai fi kyau mai rufe ido. Ƙwararru a Amurka sun sa iyakarta a miligiram 0.05 cikin mita kubik ɗaya ta iska, abin da ido ba ya ko gani, kuma cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa sinadarin cikin waɗanda ake zargin suna iya jawo daji.

Kada ka ci goro ko ka sha ruwa kafin ka wanke hannu da baki, kuma kada ka kai wa mahaifiyarka kayan aikin nan ta wanke. Idan tari ya taso maka yau da dare, ka tafi asibiti ka gaya musu tokar baƙin mai ka shaƙa. Gobe ka zo da takunkumin da ka sa in duba shi.