Jiragen kwaikwayo na "da a ce": shin sun cancanci a zuba musu jari?

Wani ɗan'uwa mai shagon kayan waya a Nima, cikin birnin Accra, ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya daɗe yana sayen ƙananan jiragen sama na roba, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa a cikin kwali, sai dai ba ya harhaɗa su yadda takardar kamfani ta nuna. Yakan yanke nan ya ƙara can, ya ɗauko fiffiken wannan ya ɗora wa wancan, ya shafa musu launin da ba su taɓa ɗauka ba, har ya fitar da jirgin da bai taɓa tashi ba sai a zuci, wato jirgin "da a ce". Masu shigowa shago suna yabawa, kuma yanzu kwasar adashensa ta zo, sidi 15,000. Yana son ya san ko ya zuba kuɗin gaba ɗaya ya yi odar irin waɗannan jiragen da yawa, ya gyara su, ya jera don sayarwa.

Ɗan'uwa, Allah ya yi wa nema albarka. Shawarata ita ce kada ka yi sari ka jera, ka mayar da wannan baiwa aikin oda, wato ba za ka sa wuƙa a jikin roba ba sai ka san sunan wanda zai biya.

Dalilina yana cikin yanayin kayan kansu. Kwalin kamfanonin da ke yin waɗannan jirage, irin su Airfix ko Revell ko Tamiya, da ba a buɗe ba yana da farashin da kowa zai iya dubawa a intanet, kuma idan ka matsu za ka iya sayar da shi kusa da yadda ka saya. Ranar da ka yanke hancin jirgin ka ƙara masa tsawo, wannan farashi ya tafi, domin mai tara irin waɗannan kaya don kamanninsu da jirgin gaske ba zai ƙara kallonsa ba. Abin da ya rage a hannunka shi ne tunaninka da aikin hannunka, kuma darajarsu tana wurin mutum ɗaya ko biyu da labarin jirgin ya taɓa wa zuciya. Idan ka ƙera ashirin bisa son ranka, sai ka nemo mutum ashirin da ransu ya zo ɗaya da naka, in ba haka ba kaya su yi kwantai, jarinka yana kan kanta yana shan ƙura. Yabon masu shigowa sayen caja kuwa kada ka sa shi cikin lissafi, sai wanda ya tambayi farashi ya ji, bai juya baya ba.

To, wane labari ne yake da masu saye a nan? A Ingila masu wannan sana'a suna yawan komawa ga jirgin yaƙin TSR-2, wanda gwamnatinsu ta soke aikinsa a 1965, suna yi masa fentin rundunonin da zai shiga da an ci gaba da ƙera shi. Wannan kewa tasu ce, kuma ba za ta buɗe aljihun mutumin Mamobi, maƙwabciyar Nima, ba. Tamu kewar tana wurin Ghana Airways, kamfanin da aka kafa a 1958, wanda ya tashi da Ilyushin Il-18 na Tarayyar Sobiyet a zamanin Kwame Nkrumah, ya karɓi VC10 a tsakiyar shekarun 1960, daga baya ya yi aiki da DC-10, kafin ya durƙushe a tsakiyar shekarun 2000. Jirgin Concorde, wanda ya ɗauki fasinja daga 1976 zuwa 2003, bai taɓa zama mallakar wannan kamfani ba, amma idan ka fito da shi da ja da rawaya da kore da baƙin tauraro a wutsiya, dattijon da ya yi aiki a filin jirgin Accra zai tsaya ya daɗe yana kallo. Irinsa, da 'ya'yan da ke neman kyautar da za su ba mahaifinsu da ya yi ritaya, da 'yan ƙasa mazauna waje da ke dawowa a Disamba, su ne kasuwarka ta farko.

Akwai kasuwa ta biyu da nake ganin ta fi wannan tabbas, kuma tana kusa da ƙofar shagonka. Ofisoshin sayar da tikiti da masu shirya tafiyar Hajji da Umara da masu aika kaya ƙasashen waje ba su da jirgi ko ɗaya, amma kowannensu zai so ya ga jirgi a kan teburinsa ɗauke da sunan kamfaninsa da launinsa. Shi ma wannan jirgin "da a ce" ne, sai dai mai shi yana biya daga kuɗin talla, ba ya jin zafin farashi kamar mai saye don sha'awa, kuma yana iya neman uku ko huɗu iri ɗaya, abin da ke rage maka wahalar zane. Ga irin wannan aiki ka zaɓi ma'aunin 1/144, wato wanda tsawonsa kashi ɗaya ne cikin 144 na tsawon jirgin gaske. Concorde yana da tsawon kusan mita 62, saboda haka a wannan ma'auni bai wuce santimita 43 ba, alhali a ma'aunin 1/72 ya haura santimita 85, ba teburin da zai ɗauke shi.

Wurin da masu sana'ar hannu suka fi faɗuwa shi ne sa farashi, don haka bari mu zauna a kansa. Alƙaluman da zan kawo misali ne kawai, ka sa naka na gaskiya a gurbinsu. A ce jirgin ya iso hannunka a sidi 600, da kuɗin dako da na kwastan. Irin aikinka yakan ci jirgi na biyu da za ka ciri inji ko fiffike daga jikinsa, kuma ko da ragowarsa za ta yi amfani nan gaba, ka ɗora rabin kuɗinsa a kan wannan aiki, sidi 300. Gam da fenti da abin cike tsaga da takardar tambari (wadda ake buga rubutu da alama a kai a manna wa jirgin), sidi 200. Akwatin gilashi da gindin katako daga wurin kafinta, sidi 250. Kaya kaɗai sun kai sidi 1,350, ba a zo ga guminka ba. Idan aikin ya ci awa 30 kuma ka yanka wa kanka sidi 25 a awa, an ƙara 750, jimla 2,100. Ka ɗora kashi 20 cikin ɗari na riba da ɓarna, farashi ya zama sidi 2,520. Wanda ya sayar a 1,600 yana murnar ya ci 250, alhali ya yi awa 30 a kan abin da bai kai sidi 9 a awa ba, kuma ya bar shagonsa a hannun yaro duk tsawon lokacin.

Ka tuna kuma da kuɗin waje kake saye, da sidi kake sayarwa. Duk wanda ya yi kasuwanci a 2022 ya ga yadda sidi ya zube cikin 'yan watanni, don haka duk farashin da ka faɗa ka ce na mako biyu ne. Kwalayen ba su da nauyi amma suna cin wuri, kuma masu dako ta sama sukan caji girman kwali idan ya fi nauyinsa, saboda haka ka nemi farashin dako kafin ka biya kuɗin kaya. Fenti mai tina, wato sinadarin tsinka fenti, yana kama wuta, ba a cika karɓarsa a jirgi ba. Mai ruwa ya fi sauƙin shigowa. Samfefa mai laushi za ka samu wurin masu fentin mota, amma tinarsu tana narkar da wannan roba, don haka duk abin da ka saya a gida ka gwada shi a kan sandunan robar da gutsattsarin ke manne a jiki kafin ya taɓa jirgin. Na'urar buga takarda ta gida ba ta buga fari, wanda ke nufin farin rubutu a kan shuɗin jiki sai da farar takardar tambari ko ka fesa farin tun daga ƙasa. Hazon hunturu yana sauka a kan ɗanyen fenti daidai lokacin da odar Disamba ke yawa, shi ya sa ya kamata ka rufe karɓar aikin ƙarshen shekara tun Oktoba.

Yarjejeniyar kanta ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Malaman fiƙihu suna kiranta istisna'i, wato a sa mai sana'a ya ƙera abu bisa siffa da farashi da aka bayyana, kuma haka kake yi da telanka kowace sallah. Ka zana jirgin a takarda, gefe da sama, da launi da rubutun da zai ɗauka, mai oda ya sa hannu, ya biya kafin alƙalami ta MoMo (tura kuɗi ta waya) wanda zai rufe kuɗin kaya gaba ɗaya, ragowar kuma ranar karɓa. Ka rubuta cewa canjin ra'ayi bayan an fara fenti yana da nasa kuɗin, domin jirgin da babu shi a duniya ba shi da hoton da za a koma a raba gardama, takardar nan ce kaɗai shaidarku. A gindin kowane jirgi ka manna ɗan allo mai cewa ƙirar hasashe ce, don kada wani ya saya yana zaton tarihi ne. Tambarin kamfanin jirgin da ke aiki dukiyar masu shi ne, kada ka buga shi a kayan sayarwa ba da izini ba, kuma ka nisanci tambarin gwamnati da na soja. Launukan ƙasa da tauraro sun isa su ba da labarin.

Game da sidi 15,000 ɗin, kada abin da zai shiga wannan harka ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ragowar ta koma shagon da ke ciyar da gidanka, kuma kada ka ƙara da bashi mai ruwa. Da wannan kason ka sayi ƙaramar bindigar fesa fenti da injin iskarta, domin ita ce ke raba aikin sayarwa da aikin wasa, sannan ka ƙera samfuri uku kacal: ɗaya na Ghana Airways, ɗaya mai sunan shagonka don masu ofis su ga yadda nasu zai fito, ɗaya kuma na son ranka. Ka ɗauki hotunansu da hasken rana, ka sa a WhatsApp da Facebook, amma samfurin ofis ka ɗauke shi da hannunka ka shiga ofisoshin Nima da Sabon Zongo. Ka buɗe wa harkar littafinta dabam. Idan bayan wata shida littafin ya nuna oda masu kafin alƙalami suna biyan awowinka, ka yi wa sunan kasuwancin rajista ka ƙara jari daga ribarsa.

Abu na ƙarshe shi ne isar da kaya, domin ƙafafun jirgi da siraran eriyarsa ba sa jure girgizar tiroto (ƙaramar bas ta haya) ko bayan babur. Ka ƙera jiragen oda da tayoyi a naɗe, kamar suna sama, ka kafe su a kan sandar ƙarfe da ke shiga gindin katako. A cikin Accra ka kai da kanka, mai oda ya duba a gabanka kafin ya cika kuɗi. Na Kumasi ko Tamale kuwa ka cire jirgin daga sandar, ka kwantar da shi a soso da aka yanke daidai jikinsa cikin kwali biyu, kuma ku rubuta tun farko wanda zai ɗauki asara idan ya karye a hanya.