Hukuncin sayen tsoffin dinarai da aka haƙo a Masar

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Alƙahira. Wani mutumin kudancin Masar ya nuna mini tsoffin dinarai na zinare masu kalmar shahada, ya ce a ƙarƙashin gidansu ya haƙo su. Yana so in saya in aika wa wani dillali a Amurka. An ce mini rikazi ne, idan aka fitar da humusi, wato kashi ɗaya cikin biyar, sauran halal ne ko doka ta hana. Yaya abin yake?

Amsa: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci ga Manzonsa. Ɗana, tara tsoffin kuɗi don sha'awa ko nazari halal ne, sayen zinare da kuɗin takarda ma ya halatta idan hannu da hannu ne. Amma wannan cinikin bai halatta gare ka ba, kuma dalilin yana cikin maganarka, inda ka ce akwai kalmar shahada a jikinsu.

Rikazi a wurin malamanmu shi ne abin da mutanen jahiliyya suka binne. Dinari mai rubutun Musulunci tsantsa ya fara ne daga gyaran Abdulmalik ɗan Marwan a shekara ta 77 bayan hijira, don haka abin da aka nuna maka binnen Musulmi ne, kuma Shaihu Khalil ya bayyana a Mukhtasar cewa binnen Musulmi ko na zimmi, wato wanda ba Musulmi ba da ke zaune ƙarƙashin amanar Musulmi, tsintuwa ne. Tsintuwa kuwa ba a mallakarta da fitar da humusi, kuma wadda mai ita ya rasu ɗaruruwan shekaru, ba a san magadansa ba, hukuma ce ta fi cancantar riƙe ta.

Na san fatawar da aka karanta maka, mai cewa duk abin da mutum ya haƙo a filinsa nasa ne, gwamnati ba ta da hurumi. Masu ita sun riƙe hadisin da ya ce a cikin rikazi akwai humusi, suka tsallake tambayar da fuƙaha'u suka daɗe a kanta, wato wa ke da kashi huɗun da suka rage. Ko da kuɗin Rumawa ne zalla, Malikiyya sun ce ragowar ta mai ƙasar ce, ko da rundunar da ta ci ta da yaƙi ce, kuma mashhurin mazhaba shi ne Masar da yaƙi aka buɗe ta, ke nan haƙƙin ya koma ga jama'ar Musulmi. Sannan shugaba yana da ikon taƙaita halal don maslaha bayyananniya. Dokar Masar mai lamba 117 ta 1983 ta mayar da kayan tarihi dukiyar al'umma, ta hana cinikinsu, ta wajabta wa wanda ya tsinta ya sanar da hukuma cikin awa 48. Ban ga saɓon Allah a ciki ba, balle a ce ba a yi mata biyayya. Wanda ya ce cin amana ya yi yawa a ma'aikatu, sai mu ce laifin ma'aikaci bai mayar da dukiyar jama'a ta mai haƙa ba. Kai kuma da biza ka shiga ƙasar, biza kuwa alkawari ce na kiyaye dokarsu.

Kada dillalin ya ruɗe ka da cewa a can babu ruwan kowa. A 2009 wata ƙungiyar masu tara tsoffin kuɗi ta Amurka ta shigo da sulalla na Saifurus da Sin ta birnin Baltimo da gangan don ta ƙalubalanci dokar hana shigo da su, kwastam suka ƙwace, aka yi shekaru ana shari'a, ƙungiyar ta sha kaye. A 2016 kuma Amurka ta sanya irin wannan takunkumi kan kayan tarihin Masar, har da tsoffin kuɗi. A Masar hukuncin fasa-ƙwaurinsu ya kai ɗaurin rai da rai, kuma mai ɗaukar kaya aka fi kamawa, dillali yana can a shagonsa.

Ina kuma jin ƙanshin matsin aljihu a tambayarka. Iyayenka karatu suka tura ka, kada ka sayar da shekarunka da la'ada, ga shi jabu ya yi yawa a wannan harka, ɗalibi baƙo kuwa shi ne wanda ake fara nema da shi. Ka yi wa mutumin nasiha ya miƙa su ga hukuma, ya kuma daina haƙa, domin ramuka irin waɗannan sun sha ruftawa da mutane a cikin gidajensu. Idan kana sha'awar abin, bayan ka bar Masar ka sayi mai takardar shaidar asali da izinin fitarwa, ka kuma girmama wanda ke ɗauke da ayoyin Alƙur'ani, kada ka shiga banɗaki da shi. Wallahu a'alam.