Malama, kafin takarda ki fara da ƙofar ɗakin yaran

Wa alaikumus salam Malama. Na ga tambayarki, cewa kun buɗe ɓangaren kwana a makarantarku ta hadda, akwai marayu da masu lalura a cikin yaran, an ce ku kawo tsarin gaggawa a rubuce, ke kuma kin rasa ta ina za ki kama. Amma inda gabana ya faɗi shi ne da kika ce da kwaɗo kuke rufe ɗakin 'yan mata ta waje saboda tsaro. Don girman Allah a cire kwaɗon nan yau. A sa sakata ta ciki wadda yarinya 'yar shekara bakwai za ta iya zarewa a cikin duhu, kuma babba ta riƙa kwana tare da su.

Ni na daɗe ina kula da ɗakin yara mata a wani gidan marayu, kuma haka ake yi mana. Na yi magana har na gaji. Shugaban kwamitinmu ya ce ni mace ce mai tsoro, ya ce tun kafin a ɗauke ni aiki ake rufewa ba abin da ya faru. Na roƙi a kira mai gyaran wuta ya duba jone-jonen ɗakin ajiya, ya ce babu kuɗi, alhali a watan aka yi wa ofishinsa fenti. Wani dare cikin hunturu aka kawo wuta da ƙarfi, wayar ta kama, ga katifun soso jibge a wurin. Makulli yana aljihun mai gadi, shi kuma ya tafi wurin mai shayi a bakin titi. Malama, har yau ina jin ƙarar tafukan yaran nan a jikin ƙofar ƙarfe. Hannayensu sun fito ta ƙarfen taga suna kiran "Umma! Umma!", baƙin hayaƙi na fitowa ta saman kawunansu, ni ina tsaye a waje da dutse ina dukan kwaɗo. Wani maƙwabci ne Allah ya kawo da guduma. Da suka fito muka yi ta ƙirga ba mu san adadin da muke nema ba, domin an kai wasu wurin dangi ba a rubuta ba. Wata yarinya da shan inna ya taɓa wa ƙafa, a ƙarƙashin gado aka same ta, ta ƙudundune cikin bargo. Ta rayu, alhamdulillah, amma ƙirjinta bai koma daidai ba.

Washegari shugaban kwamitin nan ya zo da babbar riga, ya tsaya gaban jama'a ya ce sakacin masu kula da yara ne. Bai tambayi jikin yarinyar ba, bai taka asibiti ba. Ni aka kira gaban kwamiti ina amsa tambayoyi, ko wanka ban yi ba, zanena na warin hayaƙi. Na bar shi da Allah, amma ban manta ba.

Kuma kada wani ya ce miki ai ba ya faruwa. A Fabrairun 2025 gobara ta ci almajirai 17 a Ƙauran Namoda cikin dare. A Yamai, Afrilun 2021, yara kusan 20 suka ƙone a azuzuwan zana, kafin shekarar ta ƙare irin haka ta sake faruwa a Maraɗi. Ƙaddara gaskiya ce, amma an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Rajistar dare ta fi mini komai. Duk bayan isha'i a kira suna, a rubuta wanda ya kwana da wanda ya tafi gida, littafin ya kwana kusa da ƙofa tare da tocila da usur. Ki zaɓi wuri guda a waje, ko gindin bishiya ne, kowa ya san nan ake taruwa. Masu lalurar nan kuwa, kowace a haɗa ta da babba guda da sunansa, a sa gadonta kusa da ƙofa, domin ranar tashin hankali kowa ta kansa yake yi. Idan akwai kurma, usur ba zai tashe ta ba, sai an taɓa ta. Ku yi atisaye da daddare, fitila a kashe, ku koya musu rarrafe domin hayaƙi sama yake bi. Kaskon garwashi, kyandir da maganin sauro na kunnawa kada su kwana a ɗakin. Ƙuna kuma ruwa mai sanyi ake kwarara mata kamar minti 20, ban da man goge baki, ban da manja da ƙwai. Ku nemi Red Cross ko 'yan kwana-kwana su zo su koya wa ma'aikata, har da masu girki, don su san ba a watsa ruwa a kan wutar man girki. Lambar 112 kyauta ce, amma ki haɗa da ta ofishin kashe gobara mafi kusa da ta wani mai adaidaita sahu da zai amsa waya ƙarfe biyun dare.

Wani abu da ba ki tambaya ba: ranar rabon kayan azumi ko na sallah, kada ki bari a yi shela unguwa ta cika tsakar gida. A Ibadan, Disambar 2024, yara 35 suka mutu a turmutsitsin taron rabon kyauta. Masu kawo sadaka suna son a ga cinkoso a hoto, ke ce za ki hana.

Sannan duk abin da kika nema wurin kwamiti, gyaran waya ne, bokitin yashi ne, ƙofa ta biyu ce, ki rubuta shi da kwanan wata, a sa miki hannu an karɓa, ki ajiye kwafi a gidanki.