Me Ya Sa Gadar Sama Ba Ta Kashe Cunkoso?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, gidana kuma yana Rijiyar Zaki. An gina gadojin sama da na ƙasa a Kano, an faɗaɗa tituna, amma da yamma har yanzu tafiyar hawainiya muke yi. Gadojin ne suka yi kaɗan, ko aikin ne ba a yi daidai ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Gada tana warware mahaɗar da aka gina ta a kai ne kawai. Motocin da suka haye a guje za su sauko su taru a shataletalen gaba. Wannan ƙaramin dalili ke nan.

Babban dalilin shi ne, titi mai faɗi kiran motoci yake yi. Wanda a da yake barin motarsa a gida don gudun cunkoso, yanzu zai fito da ita. Mai sammako zai koma fita lokacin da kowa ke fita. Mai neman fili kuma ya tafi bayan gari ya saya, tunda hanya ta yi kyau. Kafin a ankara titin ya sake cika. A birnin Houston na Amurka an faɗaɗa babbar hanyar Katy, aka gama a 2008, har ta kai layi 26 a wasu wurare idan aka haɗa da titunan gefe. Ba a ɗau shekaru masu yawa ba cunkoson safe da yamma ya dawo. A 2011 wasu masana tattalin arziki biyu, Gilles Duranton da Matthew Turner, suka nuna cewa a biranen Amurka tafiyar motoci tana ƙaruwa kusan daidai da yawan titin da aka ƙara.

Shi ya sa a wannan fanni namu na tsara sufurin birane mutane muke ƙirgawa, ba motoci ba. Tsaya a Kabuga da safe ka leƙa cikin motocin gida, yawanci mutum ɗaya ne ko biyu. Babbar bas guda za ta kwashe mutanen motoci talatin, a filin da bai wuce na mota uku ba. Amma idan bas ɗin za ta maƙale a cunkoso ɗaya da kowa, wa zai bar motarsa ya hau ta?

Amsar da birnin Curitiba na Brazil ya bayar a 1974, zamanin magajin gari Jaime Lerner, ita ce a ware wa bas layinta a tsakiyar titi, ba mai shiga sai ita. Daga baya suka sa fasinja ya biya tun a tasha, don kada a ɓata lokaci a ƙofa. Abin da ya fi burge ni, wanda masu kwaikwayonsu kan manta, shi ne sun ba da izinin dogayen gine-gine a bakin layin bas, mutane da yawa suka zauna inda ƙafa za ta kai su tasha. Legas ta ɗauki wani ɓangare na wannan a 2008, daga Mile 12 zuwa CMS. Sayo motocin kuwa ba shi ne wuya ba, gwamnatocinmu sun sha sayowa. Wuyar tana wajen hana kowa shiga layin, har da masu jiniya, da tanadin kuɗin gyara, da bas ta zo a kan lokaci ko ta cika ko ba ta cika ba.

A Kano, tun da aka hana acaɓa a 2013, nauyin gari ya koma kan adaidaita sahu. Ban ga hikimar korar su ba, abincin dubban gidaje ne. Gara su riƙa kwaso fasinja daga cikin unguwa zuwa tashar babban titi, bas ta ɗauki doguwar tafiyar. Sai kuma mai tafiya a ƙasa, wanda shi aka fi mantawa: yana buƙatar gefen titi da ba a kasa kaya a kai ba, da inuwar bishiya, da wurin tsallakawa. Tun cire tallafin mai a 2023, wannan magana ta wuce ta cunkoso da hayaƙin motoci kawai, ta shiga aljihun kowa.

Ban ce kada a taɓa gina gada ba, akwai mahaɗar da manyan motoci ke bi wadda sai da ita. Amma a titin Gwarzo da kake bi kullum, da ni za a tambaya, layi ɗaya zan fara warewa bas daga Rijiyar Zaki zuwa cikin gari, kafin a kafa ginshiƙin wata sabuwar gada.